Daga Mando zuwa Salaga da jakar goyo

Duk wanda ya tashi a gidan da ake cin goro ya taɓa jin sunan Gwanja, yankin nan na arewacin Gana inda garin Salaga yake. A gidanmu na Tudun Wada a Kaduna abin ya wuce ji, domin ana cewa kakan mahaifinmu bafatake ne, yana bin ayarin jakuna daga Kano har Salaga, ya kai kanwa da turkuɗi, ya komo da goro. Ni malamin makaranta ne, kuɗin jirgin sama ba nawa ba ne. Da hutun ƙarshen shekara ya zo sai na zuba 'yan kaya a jakar goyo, na haɗa da darduma da ƙaramar buta da fasfo da katin allurar shawara, na nufi tashar Mando. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Najeriya yana iya shiga Gana ba biza, ya zauna har kwana 90. Haka dai takarda ta ce.

Ba mu bi ta Birnin Gwari ba, kowa ya san dalili. Abuja, Lakwaja, Okene, sai ga mu a Legas da hantsi, ƙafafu sun kumbura.

Daga Mile 2 zuwa iyakar Seme tafiyar ba ta da wani nisa, amma shingayen kan hanya sun mai da ita yini guda. Direbanmu ya naɗe ƙananan kuɗi a tsakanin yatsunsa tun daga tasha, ko tsayawa ba ya yi sosai, sai dai ya rage gudu ya miƙa hannu ta taga. Inda aka raina abin da ya bayar, sai a ce kowa ya sauko da kayansa. Matar da ke gefena, mai safarar atamfa, ta karɓi fasfona ta jujjuya, ta ce, "Malam, wannan ai sabo ne dal. Ka tanadi kuɗinsa." A ɗaya daga cikin iyakokin na fahimci nufinta. Wani mai tebur ya buɗe shafukan ya ga ba hatimi ko ɗaya, ya rufe, ya ajiye a gefe, ya ci gaba da sallamar na bayana. Ban tambaye shi ba, bai ce mini komai ba. Muka yi ta kallon-kallo har direba ya zo ya raɗa mini cewa motarsa ba za ta kwana nan saboda ni ba. Na biya, ba rasit. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda ba su da takarda ko ɗaya sun riga ni tsallakawa, a kan babur ta bayan gini, kuma abin da suka bayar bai kai nawa ba.

A kowace iyaka, mutum na farko da ya yi mini sallama da Hausa ɗan canji ne. Suna zaune kan benci da daurin naira da sefa da sidi, kowanne an ɗaure shi da roba. Wani Bazabarme a cikinsu ya ba ni shawarar da ta yi mini amfani har ƙarshen tafiya: kada in canza sefa fiye da kuɗin mota da na abinci, tunda Benin da Togo wucewa kawai zan yi, kuma duk garin da na sauka a Gana in ce a kai ni zango, wato unguwar Musulmi baƙi, kafin in tambayi otal.

Kwatano na gan ta ta taga: 'yan acaɓa masu rigar ruwan ɗorawa sun cika titi maƙil, ga fetur a manyan kwalabe a bakin hanya. Togo kuwa kafin ka gyara zama ka ƙure faɗinta. Birnin Lome a jikin iyakar Gana yake, teku a hagunka, ka sauka daga mota ka taka da ƙafa ka shiga Aflawo. Tun da muka shiga Togo na mai da agogona baya da awa guda.

Motar Akra ta cika, kowa da kujerarsa, ba wanda aka ɗora wa wani a cinya. Wanda ya saba da tasin Kawo, inda ake cusa mutum biyu a gaba direba yana canza giya a ƙarƙashin gwiwarka, dole ya lura da wannan. Ƙananan bas ɗinsu na haya, torotoro, tsofaffi ne kamar namu, wasu ma sun fi namu tsufa, amma a tasha mutane layi suke yi. Babu mai bulala, babu mai tsawa, layi ne kawai. Na tsaya a baya ina jiran a fara turereniya in nuna gwanintar Kaduna, ba a fara ba.

Mun iso tashar Tudu a Akra bayan magariba, na kama motar unguwar Nima. Ina sauka na ji Hausa ta ko'ina, daga bakin mai shayi, daga bakin yara masu ƙwallo, daga lasifikar masallaci. Yawancin masu yin ta ba Hausawa ba ne: Dagomba ne da Mosawa da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani, Hausa ce ta haɗa su. Mai shayin da na tambaya ya kira wani yaro ya ce ya kai baƙo gidan Hajiya. Ɗaki ne mai katifa da fanka, banɗaki na tsakar gida, sidi 120 kwana guda. A lokacin sidi ɗaya ya haura naira 100, saboda haka duk abin da na saya sai na yi lissafi a zuci gabana ya faɗi. Daga baya na daina lissafin, don yana hana cin abinci.

Abincin kuwa ya cancanci a ci. Da asuba koko da ƙosai, amma kokonsu ya sha citta da kanumfari da barkono har sai ka ji gumi a goshi. Da hantsi sai shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi ta yi ja, a zuba maka a faffaɗan ganye, a ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Sidi 25 na wannan ya riƙe ni har dare. Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, mai hasumiyoyi sirara irin na Istanbul. Kowa a zango, da ma Kiristocin da na yi hira da su a mota, da girmamawa suke ambaton babban limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919.

A ƙofar gidan Hajiya akwai wani dattijo da ke zama kan kujerar roba da rediyo a kunne. Da ya ji daga Kaduna nake sai ya kashe rediyon.

"Ɗana, ka san mun taɓa korar juna?"

Na ce, "Na ji labari, Baba."

Ya ce a 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Maƙwabtansu da aka haifa a nan Nima suka hau manyan motoci zuwa Najeriyar da ba su taɓa gani ba, wasu sun sayar da gida a kuɗin akuya. A 1983 kuma gwamnatin Shagari ta rama, 'yan Gana wajen miliyan guda suka kwaso kaya a jakar nan mai zane da har yau muke kira da sunan korar. Ya dubi jakar goyona ya yi dariya, ya ce gara da ban zo da waccan ba. Shi yayyensa biyu sun tafi a korar farko, suna Zariya, ko zuriyarsu na can. Ya tambaye ni ko har yanzu jirgin ƙasa yana bi ta Zariya zuwa Kano.

Daga tashar Kaneshi na kama motar Cape Coast, don ganin gidajen bayi na bakin teku. Na Elmina Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482. Kuɗin shiga na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa, fatarka ba ta cetonka, fasfo ake dubawa. A kurkukun maza na Cape Coast mai yi mana jagora ya sa muka shiga duka, ya kashe fitila na ɗan lokaci. Iska ba ta shiga sai ta 'yan ramuka can sama. Ya ce mu taka ƙasan da kyau, abin da muke takawa ba dutse ba ne zalla, dattin mutane ne da ya daskare shekara da shekaru. A saman kurkukun daidai Turawan suka yi cocinsu. Wata Ba'amurkiya baƙar fata ta zauna a ƙasa tana kuka, ba wanda ya ce mata ta tashi. Da muka fito jagoran ya ce da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka gangaro da su, ya lissafa kasuwanni, ya ambaci Salaga. Ni dai goro na sani da Salaga.

Hanyar Kumasi daji ne kore shar ko a cikin rani, gonakin koko na cakulan da ayaba da rogo.

Kasuwar Kejetiya ta sa na daina yi wa Kasuwar Gumi kirari. Ka shiga layin masu takalma ka yi ta tafiya har ka gaji ba ka fita daga takalma ba. 'Yan mata masu dako, yawancinsu daga arewacin ƙasar, suna ratsa cunkoso da manyan kwanonin silba a ka, wasu da goyo, suna yi maka tsawa ka kauce. Na kwana a Aboabo, ɗakin da ya fi na Nima araha ya kuma fi shi sauro. Na leƙa fadar Manhiya, inda Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu yake kan gado tun 1999, amma abin da ya tsaya mini a rai a Kumasi wani shago ne a zango inda ake gyaran goro. Ban taɓa ganin goro a cikin ƙwansonsa ba sai ranar. Wani kore ne mai gurgunje, a fasa shi a tarar da 'ya'yan a jere, kowanne da farar riga. Mata suna jiƙa su su murje rigar, maza suna zaɓe, fari gefe, ja gefe, mai tsutsa a jefar. Sannan a shimfiɗa ganyen fita a kwando, a jera goron, a rufe, a ɗaure huhu. Mai shagon ya ce duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance an sake zaɓe an yayyafa ruwa, in ba haka ba ɗaya ya ɓata sauran. Na tuna masu jakuna suna wannan aiki a daji wata da watanni, ga kura, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowane kogi. Ya ɓare ɗaya ya miƙo mini. Ɗanyen goro na ranar yana ƙara a haƙori, ɗacinsa kuma ba ya daɗewa sai zaƙi ya biyo.

"Alhaji, ta ina zan bi in je Salaga?"

"Masu hankali ta Tamale suke bi. Kai da kake neman hanyar kakanni, bi ta Yeji ka sha ruwa."

Na bi ta Yeji. Motar ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta cika ba sai da rana ta take. Muka haura tudun Mampong, muka wuce Ejura da Atebubu, daji yana raguwa, kunyoyin doya suna ƙaruwa, har kaɗanya da ɗorawa suka fara bayyana, hazon hunturu ya rufe gaba. Mun shiga Yeji jirgin fito ya riga ya tafi. Garin duk warin bandar kifi yake. Ɗakin da na samu babu fanka, babu ruwa sai a bokiti, ƙofar kuma da ƙusa ake rufe ta. Na sa jakata a matsayin matashi na kwanta da fasfo a aljihun wando.

Da safe bakin ruwa ya cika da manyan motocin doya da shanu da babura. Ana cewa jirgin yana zuwa, ba wanda ya san yaushe. Masu kwalekwale mai inji suna ta kira, kuɗinsu bai fi na jirgin da yawa ba kuma nan take za su tashi. Na je na duba ɗaya: an loda buhunan gawayi, an ɗora babura a kai, mutane sun zauna a gefe-gefe kamar kaji a akurki, tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi taƙi guda ba, rigar ruwa kuwa ko ɗaya ban gani ba. Wata tsohuwa mai sayar da soyayyen kifi ta ce, "Ɗana, kai baƙo ne, jira babba." Ta nuna mini cikin tafkin. Sai a lokacin na lura da baƙaƙen kututture suna leƙowa daga ruwa nan da can. Tafkin Volta ba na Allah-da-ikonsa ba ne, madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ce ta tara shi, ya haɗiye dazuzzuka da garuruwa. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi, waɗanda ba a gani su ne ke fasa jirage. Na jira babba. Ya zo bayan azahar, aka yi ta fama da wata motar doya da ta kasa hawa, muka tsallaka Makango rana na shirin faɗuwa. Daga nan zuwa Salaga ba nisa.

Na zaci zan tarar da birni. Gari ne madaidaici mai ƙura, awaki na kwance a titi, kasuwarsa ba ta kai ta Kawo ranar Talata ba. Limamin wani masallaci ya sa aka ba ni ɗakin baƙi, ya ƙi karɓar ko kwabo, da dare aka aiko mini da tuwo. Washegari ya haɗa ni da wani dattijo da ya san garin. Muka zaga rijiyoyi, ƙanana ne birjik a fili, wasu an fafe su cikin dutse, wasu har yau ana ɗiba. Ya ce a da garin ba ya rabuwa da baƙi dubbai, dole a yi ta haƙa. Ya bayyana mini yadda abin ya watse: a 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya karye, goron da ke zuwa Salaga ya ragu. A 1892 kuma yaƙin sarauta ya tashi a tsakanin 'ya'yan sarautar Kpembe, garin sarakuna da ke gefen Salaga, fatake da malamai suka watse zuwa Kete Karachi da Kintampo da Yeji da Kumasi. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano mai waƙoƙi da Hausa da Larabci, wanda ya rasu a Kete Karachi a 1934. Zangunan da na yi ta kwana a cikinsu ina cin arziki, da yawansu daga wannan watsewa suka cika.

Sannan ya kai ni Wankan Bayi, a bayan gari. Nan ake wanke mutanen da aka kamo, a shafe su da man kaɗanya su yi sheƙi, kafin a kai su kasuwa. Ya nuna mini filin kasuwar a tsakiyar gari, da sarƙoƙi da mari da aka adana. Na gaya masa labarin kakan mahaifinmu, da kanwa da turkuɗi. Ya saurara har na gama.

"Malam, kanwa kawai aka ce maka ya kawo?"

Na ce haka ake faɗa a gida.

"To. Kowa ya zo nan haka yake ce mini. Ban taɓa samun jikan wanda ya kawo mutum ba."

Bai faɗa da zafi ba, yana ma murmushi. Ya ce shi kansa kakarsa ta wajen uwa da igiya a wuya ta shigo garin, kakansa na wajen uba kuma dillali ne a kasuwar, to wa zai zaga? Na ba shi abin goro, ya karɓa ya sa albarka.

Tamale ta yi kama da gida fiye da ko'ina: hazo, kiran salla ta kowace kusurwa, keke mai ƙafa uku ruwan ɗorawa. Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne mata a kan babur. Hajiya da mayafinta da goyonta da buhun masara a baya, tana tuƙa abinta, ba mai waiwayenta. Na ci tuwon zafi da miyar ayoyo, na yi ciniki a kan rigar saƙi irin tasu har na ga ba za mu daidaita ba na haƙura. Na so in je gandun dajin Mole in ga giwaye, in biya ta tsohon masallacin Larabanga, amma da na zazzage aljihu a kan katifa sai na ga kuɗin mota zuwa gida ne ya rage da ɗan abin shan ruwa. Na kuma so in komo ta tsohuwar hanyar ayari, Yendi, Jugu, Nikki, in ɓullo ta Borgu. Direbobin tasha suka ce ɓangarensu lafiya lau, amma su ba za su ba ni shawarar dazuzzukan ɓangarenmu ba. Ɗan Kaduna ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Sai na hau motar dare zuwa Akra, sanyin na'ura ya hana ni barci, daga nan na sake bin bakin teku. Da na yi lissafi a hanya, kuɗin mota ne ya ci fiye da rabin guzurina, masauki ya biyo baya, abinci ne mafi sauƙi. Abin da na bayar a iyakoki da shingaye kuwa ya isa kuɗin zuwa Mole har da kwana. A dawowa fasfon ya sha hatimi, farashinsa ya sauka, wani mai tebur ma har ya ce mini sannu da hanya. Na sauka a Mando da asuba da naira 700 a aljihu, mai keke ya ce Tudun Wada 1,000 ne, muka yi ta ja har ya yarda in cika masa a ƙofar gida.